Kada a danne maka aiki: yadda ake tsare fayil ɗin PowerPoint da hannu da yawa ke taɓawa

A ofisoshinmu na karkara, ko makarantar sakandare ce a wani ƙauye bayan Gaya, ko ƙaramin asibiti a yankin Ringim, ko ƙungiyar manoman shinkafa a fadamar Haɗeja, kwamfuta ɗaya ce kan yi wa kowa aiki. A kanta ake buga wasiƙa, a kanta ake shirya shafukan da za a haska da majigi a taron ƙaramar hukuma ko a Dutse ko a Kano. Fayil ɗaya ne, amma masu taɓa shi sun kai biyar. Sai ranar taro ta zo, a buɗe, a tarar alƙaluman watan jiya sun koma na wannan watan, ko shafi uku sun yi ɓatan dabo, ko taken taron wani ya hau kan naka. Da wuya a samu mugunta a ciki. Mutum ne ya buɗe don ya ɗauki tsarin, ya goge abin da ba nasa ba, ya zuba nasa, hannunsa ya kai kan Save kamar yadda ya saba.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, yawancin maɓallan kariya da ke cikin PowerPoint gargaɗi ne kawai, ba makulli ba ne. Suna da amfani, kuma za mu bi su. Amma abin da ke tsare aiki da gaske shi ne a ce asalin fayil ɗin yana zaune a inda mutum ɗaya tak yake da ikon canza shi, sauran jama'a kuma kwafi suke samu. Manomi ba ya haɗa irin shuka da hatsin ci a buhu ɗaya, don ya san hannun da ke ɗiba kullum ba zai tsaya tantancewa ba.

Mataki na farko: a san mai fayil

Kafin a taɓa kwamfuta, a zauna a yi magana. Wa ke riƙe da uwar fayil, wato asalin da ake kwafa daga gare shi? Ba lallai shugaba ba, kuma sau da yawa ma gara kada ya zama shugaba, don shi ne ya fi kowa uzuri. A zaɓi wanda ya fi zama a ofis kuma yake da natsuwa, sakatare ko mai tattara alƙaluma. Shi kaɗai ke gyara uwar fayil. Duk mai gyara ya kawo masa.

Idan kai aka ɗora wa, buɗe folda biyu. Ɗaya ka sa mata suna UWA, ɗaya kuma NA RABAWA. Abin da ke cikin UWA ba ya fita ko'ina sai an kwafe shi. Sannan ka gyara sunan fayil ɗin. Sunaye irin su "final" da "final 2" da "sabon final" su ne tushen rikici, domin bayan mako biyu ko wanda ya raɗa su ba zai iya bambance su ba. Fara da shekara, sai wata, sai rana, sai abin da fayil ɗin ya ƙunsa: 2025-03-14 rahoton rani UWA. Idan ka jera kwanan wata ta haka, kwamfuta da kanta za ta jera maka su daga tsoho zuwa sabo. Wanda ya karɓi kwafi kuma ya ƙara matsayinsa a ƙarshe, misali 2025-03-14 rahoton rani ma'aji. Fayil biyu masu suna daban ba sa danne juna ko da an zuba su a folda ɗaya, kuma wannan kaɗai ya rage rabin matsalar.

Koya wa kowa maɓallin F12. A PowerPoint na Windows, shi ke buɗe Save As kai tsaye. Ƙa'idar ita ce a danna shi da zarar an buɗe fayil, kafin a canza ko harafi ɗaya, ba bayan an gama gyara ba. Mai cewa zai canza suna idan ya gama, shi ne wanda wuta ke ɗaukewa yana tsaka da aiki ya yi sauri ya danna Ctrl da S.

Mataki na biyu: gargaɗin da ke cikin PowerPoint da Windows

Buɗe uwar fayil, shiga File, sai Info, sai Protect Presentation. Za ka ga Mark as Final. Idan ka zaɓe shi, duk wanda ya buɗe zai ga wani layi a sama yana sanar da shi an kammala wannan aiki, kuma rubutu ba zai shiga ba. Sai dai a jikin layin akwai maɓallin Edit Anyway, dannawa ɗaya ta buɗe komai. A sababbin PowerPoint akwai kuma Always Open Read-Only, shi ma haka yake. Suna tare kuskuren hannu, ba sa tare wanda ya yi niyya.

Wanda ya ɗan fi su ƙarfi yana wajen PowerPoint. Rufe fayil ɗin, danna shi da maɓallin dama na linzami, zaɓi Properties, ka sa alama a akwatin Read-only, ka danna OK. Yanzu ko mutum ya yi gyara, idan ya zo adanawa kwamfuta za ta ƙi, ta tilasta masa ba shi wani suna. Ina son wannan domin yana tura mutum ga abin da ya dace ba tare da an yi masa faɗa ba. Amma ka sani ba ya hana a goge fayil ɗin gaba ɗaya, kuma duk wanda ya san hanyar zai iya cire alamar. Kai ma sai ka cire ta duk lokacin da za ka yi gyara, ka mayar idan ka gama.

Sai kalmar sirri, kuma a nan ake yawan ruɗewa don iri biyu ce. Danna F12, a ƙasan akwatin kusa da Save akwai Tools, ka shiga General Options. Gurbi na sama, Password to open, yana hana buɗewa kwata-kwata. Ba shi kake nema ba, tunda so kake abokan aiki su gani. Gurbi na ƙasa, Password to modify, shi ne naka: wanda ba shi da kalmar zai buɗe ya karanta ya haska, amma ba zai gyara ba. A cikin PowerPoint wannan yana aiki sosai. Raunin da ke gare shi shi ne ba ya rufe abin da ke cikin fayil ɗin, umarni ne kawai da aka liƙa masa, kuma ba kowace manhaja ke bin umarnin ba. Tunda da yawa daga cikinmu da WPS Office suke buɗe fayil a waya, gwada a wayar wani ka gani kafin ka saki jiki. Ita kuma kalmar buɗewa, idan ka sa ta ka manta, kamfanin Microsoft ba ya iya dawo maka da ita. Rubuta ta a littafi, ka ajiye inda ake ajiye takardun kuɗi.

Akwai wata dabara da ba a cika amfani da ita ba, alhali ita ce maganin mai cewa "tsarin kawai nake so". Idan rahoto ne da ake maimaitawa duk wata, cire alƙaluman, ka bar kanun shafuka da tambari da jadawali babu komai, ka adana shi a matsayin PowerPoint Template, wanda sunansa ke ƙarewa da potx. Duk wanda ya danna shi sau biyu, sabon fayil marar suna ne zai buɗe masa, asalin yana nan yadda yake. Kada ka haɗa shi da PowerPoint Show mai ƙarewa da ppsx. Shi wannan yana fara haskawa ne da an danna shi, shi ya sa wasu ke ɗauka a kulle yake, amma idan aka buɗe shi daga cikin PowerPoint ana gyara shi kamar kowane fayil.

Mataki na uku: kwamfutar da kowa ke hawa

Idan kowa da suna ɗaya yake shiga kwamfutar ofis, to duk abin da na lissafa a sama roƙo ne. Gyaran gaske shi ne a raba ƙofa. Shiga Settings, sai Accounts, sai Family & other users a Windows 10, ko Other users a Windows 11. Buɗe sabon asusu na ma'aikata, ka bar shi a matsayin Standard, kada ka ba shi Administrator. Naka asusun ka sa masa kalmar sirri. Foldar UWA ta zauna a Documents ɗinka, inda mai asusun Standard ba zai shiga ba sai da kalmar sirrin mai iko. Foldar NA RABAWA kuma ka kai ta Public, wadda ke cikin Users a faifan C, kowa yana iya kaiwa gare ta. Idan za ka tashi salla ko ka leƙa waje, danna maɓallin Windows tare da L, allon ya kulle.

Wannan ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar sabis, aikin 'yan mintuna ne, kuma a ganina ya fi duk sauran matakan amfani ga ofishin ƙauye.

Inda za ka sha wuya shi ne wajen manya. Shugaba zai ce a ba shi kalmar sirri, kuma ba ka da bakin hana shi. Kada ka sa abin ya zama kamar kana ɓoye masa wani abu. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ga ta a ambulan, tana cikin durowarka ko da ba na nan. Amma duk gyaran da kake so, ka faɗa mini in shigar, don kada aiki ya rabu biyu." Yawanci abin da babba yake so shi ne ya san ba a rufe masa ƙofa ba. Ita kuma Hajiya mai kula da alƙaluma, da ta ga kwafinta na ɗauke da sunan sashenta kuma ba wanda zai taɓa mata shi, ita za ta fara kare tsarin.

Filashi da WhatsApp

Filashi ya fi komai cin aikin mutane. Ga yadda abin ke faruwa: wani ya kwafi fayil ranar Litinin, ya tafi da shi gida, ya dawo ranar Alhamis ya zuba shi a foldar da ya ɗauko. Windows ta fito da akwati mai zaɓi uku, na farkonsu Replace the file in the destination. Ya danna, don shi ne a sama. Duk gyaran da aka yi tsakanin Litinin da Alhamis ya tafi, kuma wanda aka danne ba ya zuwa kwandon shara balle a ɗauko shi. Nuna wa kowa wannan akwatin da idonsa, ka ce masa duk ranar da ya gan shi ya danna Skip this file, ya je ya canza wa nasa suna. Sannan ka buɗe folda ta uku mai suna MASU SHIGOWA, duk abin da ya fito daga filashi a nan yake sauka.

Kada uwar fayil ta zauna a filashi, kada kuma a yi gyara kai tsaye a kansa. Yawancin filashi tsarinsu ba ya riƙe iznin wane ya taɓa wane kada ya taɓa, ga shi suna yawo daga shagon buga takardu zuwa wani suna kwaso cuta. Idan wata rana ka buɗe ka ga fayilolinka sun koma gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya, kada ka danna su, kada kuma ka yi gaggawar wanke filashin. Galibi cutar ɓoye fayilolin take yi, suna nan, mai gyara zai fito da su.

WhatsApp ba ya danne komai, domin duk wanda ka tura wa kwafi ya samu. Matsalarsa ita ce yawan haihuwa: fayil ɗaya ya zama bakwai a zaure, kowa na cewa nasa ne na ƙarshe. Don haka wanda karantawa kawai zai yi, tura masa PDF. A PowerPoint ka shiga File, sai Export ko Save As, ka zaɓi PDF. Yana buɗewa a kowace waya, bai cika nauyi ba, kuma ba a gyara shi da kuskure. Wanda zai yi gyara kuma, kada ka ba shi duka. Idan shafi na 6 zuwa na 9 ne na malamin gona, yi kwafi, goge sauran, ka tura masa huɗun nan kaɗai. Idan ya dawo da su, ka buɗe nasa da uwar gefe da gefe, ka kwafo shafukan ka liƙa. Ga masu PowerPoint 2013 ko 2016 ko 2019, akwai Compare a ƙarƙashin Review, wanda ke nuna bambancin fayil biyu ka karɓi abin da kake so ka bar sauran.

Idan akwai sabis: Google Drive da OneDrive

A garuruwan da intanet ke kamawa, ajiya a Google Drive ta fi, saboda a can izni na gaske ne, ba gargaɗi ba. Kowane asusun Gmail yana da gigabait 15 kyauta. Idan ka danna Share, matsayi uku ne: Viewer mai kallo kawai, Commenter mai iya barin sharhi a gefe ba tare da ya taɓa rubutun ba, da Editor mai gyara komai. Lura da kyau a nan, domin idan ka rubuta imel ɗin mutum, Editor ne ke fitowa da kansa, sai ka sauya da hannunka. Ga yawancin abokan aiki Commenter ya wadatar. Ma'aji ya ga an rubuta buhu 340 alhali 430 ne, ya bar sharhi a kan shafin, kai ka gyara. An samu gyaran, kuma hannu ɗaya ne ya taɓa. Idan dole ka ba wani Editor, shiga alamar saiti a akwatin Share ka cire damar da ke barin masu gyara su canza izni ko su gayyato wasu.

Abu biyu ke yaudarar mutane a nan. Na ɗaya, Google Slides, wato manhajar Google mai aiki irin na PowerPoint, ba shi da maɓallin Save, duk abin da aka taɓa ya adanu nan take, ko fayil ɗin PowerPoint ne ka ɗora aka buɗe shi a ciki, kan asalin gyaran ke hawa. Na biyu, iznin folda yana gangarowa kan abin da ke cikinta. Idan ka ba mutum Editor a folda, ka ba shi a kan duk fayil ɗin da ka jefa ciki. Saboda haka foldar UWA ba a raba ta da kowa.

Ga mai son tsari kawai, kwafi adireshin fayil ɗin na Google Slides, ka nemi kalmar edit a ƙarshensa, ka goge ta da duk abin da ya biyo bayanta, ka rubuta copy a wurin. Wanda ya buɗe wannan adireshi, shafin da zai tarar tambayarsa yake ko yana son yin kwafi, kuma kwafin a nasa Drive zai sauka. Sai dai ka ba shi Viewer tukuna, in ba haka ba ba zai buɗe masa ba.

OneDrive na Microsoft yana ba da gigabait 5 kyauta, zaɓinsa kuma Can edit da Can view ne. Duba wanda ke kai kafin ka tura. Masu Microsoft 365 su kula da AutoSave da ke saman allo ta hagu: muddin fayil yana OneDrive kuma maɓallin a kunne yake, gyara na shiga asalin ne tun kana bugawa. Mai son kwafi ya fara da Save a Copy kafin komai.

Idan an riga an danne

Kada a rufe fayil ɗin idan har yana buɗe. Ko an danna Save, Ctrl da Z yana komawa baya muddin ba a rufe ba. PowerPoint yakan riƙe matakai 20 ne, amma ana iya ƙara su har 150 a File, Options, Advanced, kuma ya kamata ka ƙara tun yau.

Idan a Google Slides ne, shiga File, sai Version history, sai See version history. Za ka ga jerin lokutan da aka yi gyara da sunan wanda ya yi, ka zaɓi na kafin ɓarnar ka dawo da shi. Kafin ka dawo da tsohon, yi kwafin na yanzu, don wataƙila akwai gyara mai kyau a cikinsa. Ka kuma saba da Name current version: duk lokacin da aiki ya kai wani matsayi, raɗa masa suna kamar "wanda shugaba ya amince", don kada ka yi ta lalube. A OneDrive ma akwai Version History, asusun mutum na ƙashin kansa na riƙe 25 na baya-bayan nan. Abin da aka goge kuma yana kwana 30 a kwandon sharar Google Drive kafin ya tafi.

A kwamfutar da ba ta da intanet, danna fayil ɗin da dama, Properties, ka duba Previous Versions. Ba za ka samu komai ba sai idan an kunna File History ko makamancinsa tun da farko, kuma a yawancin kwamfutocinmu ba a kunna ba. AutoRecover da ke adanawa duk minti 10 an yi shi ne don ɗaukewar wuta, ba ya dawo da abin da mutum ya danne da hannunsa. Daga nan sai bin sawu: filashin wa ya taɓa ɗauka, wa aka taɓa tura wa a WhatsApp, akwai shi a imel? Shi ya sa duk ranar da ka yi babban gyara, kafin ka fara, ka kwafi uwar ka sa mata kwanan watan ranar, tsohuwar ta koma wata folda mai suna TSOFAFFI. Idan ka gama ka tura wa kanka a imel ko a WhatsApp lokacin da sabis ya samu. Gmail na ɗaukar abin da bai wuce megabait 25 ba, idan hotuna sun yi nauyi ka rage su da Compress Pictures.

Idan ka gano wanda ya yi, ka same shi shi kaɗai, ba a zauren WhatsApp ba. Mutumin da aka kunyata a gaban jama'a, gobe idan ya sake kuskure shiru zai yi ya rufe fayil ɗin, alhali da ya kira ka tun yana buɗe da an ceto aikin.

Daren taro

Sanya lokacin rufe karɓar gyara, misali bayan la'asar ta jajibirin taro, ka sanar da kowa tun da wuri. Bayan nan ka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, ka fitar da kwafi biyu, na PowerPoint da na PDF, ka zuba su a filashi, ka kuma ajiye a wayarka. PDF ba ya ɗaukar motsin shafuka, bidiyo ma kada ka dogara da shi a ciki, amma idan kwamfutar zauren taro ta hargitsa maka rubutu shi zai fitar da kai. A wurin taro za a ce kowa ya zuba nasa a kwamfuta ɗaya, kuma rabin fayilolin sunansu "presentation". Naka yana ɗauke da kwanan wata da sunan ƙungiyarku, ba wanda zai hau kansa. Idan an nemi a bar wa masu taro kwafi, PDF za ka bari. Gyaran da aka ba da shawara a zauren kuma ka rubuta shi a takarda, idan ka koma ofis ka shigar a uwar fayil da sabon kwanan wata.